Matar da Ta Rungume Ƙwai

A tashar motar garin Merida, Doña Nelida mai sayar da wainar masara da ake kira arepa ta kafa wa wata mata ido. Siririya ce mai furfura, farar rigar ɗakin bincike na leƙowa a ƙarƙashin rigar sanyinta. Ta rungume kwalin ƙwai cikin bargo, har da kwalbar ruwan zafi, sai ka ce mai jego.

Nelida ba ta bukatar bayani. An sake ɗauke wuta, injin ɗumama ƙwan ya tsaya, baiwar Allah tana neman inda ake da janareto. Wataƙila abokan aikinta duk sun tsere ƙasashen waje, ita ta ƙi. Mace kamar wannan a layin motar haya, abin kunya!

"Baiwar Allah, kawo a sa a but ɗin mota," direba ya ce wa mai ƙwan. "Ko soya mana za ki yi?"

"Taɓa ka gani! In suka huce, aikina ya mutu."

Ta zaro ɗaya, ta yi masa inuwa da rigarta, ta haska da fitilar waya. Wani jan ɗigo yana bugawa a ciki.

"Zuciya ce. A nan nake bin diddigin ciwon zuciyar jarirai. Su ɗauke wutarsu, wannan dai ba ta tsaya ba."

Direba ya buɗe mata gidan gaba, ya rufe tagar don kada ƙwan su huce.