Sunan Kalakla Ya Wuce Ni

Gumel zuwa Khartum

Ko kiran assalatu ba a yi ba muka bar Gumel, don in sami jirgin Kano. Ɗana Mubarak ne ya gama karatu a Khartum, shekarar kafin yaƙin Sudan, na ce ko da rarrafe sai na je. Da la'asar muka sauka. Zafi kuwa, wayyo! Na Gumel wasan yara ne.

Kalakla

Mubarak ya sauke ni a unguwar Kalakla, gidan wata tsohuwa, Hajja Zainaba, mai ba shi abinci kamar jikanta. Iyayenta daga ƙasarmu suka taso da ƙafa za su Makka, noman auduga ya tsayar da su a yankin Jazira na Sudan har ƙasa ta rufe musu ido. Da ta ji na ce Gumel sai ta riƙe hannuna gam.

"'Yata, jibi sunan jikata. Maƙwabta suna cewa ba mu da asali. Ke za ki fito da jaririyar a goye, irin goyon gida, su ga ina da dangi."

Na ce, "Hajja, wannan ai kamar an yi an gama."

Omdurman

Ranar suna na tashi Mubarak da sassafe, mu je kasuwar Omdurman in sayo humra da turaren wuta na tsaraba. Ya ce, "Umma, sunan fa?"

"Kai tafi can! Ina ka taɓa ganin mata sun taru suna kafin la'asar?"

Yaron nan bai iya musu da ni ba. Muka hau bas zuwa tashar Suk al-Shabi, muka canza wata, muka haye kogin Nilu. Na yi ciniki son raina, har da rigar jaririya. A dawowa gada ta cushe, direba sai "malesh" yake ta ce mana, wato mu yi haƙuri.

Muka iso gidan Hajja, muka tarar ana naɗe tabarmi. Ashe su da hantsi suke taron suna, a ci a watse kafin rana ta take. Ga sabon zanen goyo a ninke a gefen Hajja, ba wanda ya taɓa shi.

Na durƙusa ina ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Gida

Na dawo Gumel lafiya, na gode wa Allah, na gode wa mutanen Kalakla da suka riƙe mini ɗa. Tsaraba ta ishi kowa, ni ce ban ji daɗinta ba. Ranar da muke sallama a Kalakla na tambayi Hajja me ta faɗa wa maƙwabtan ranar.

Ta ce, "Na ce musu kina hanya. Tun ina yarinya haka muke faɗa musu, mutanenmu suna hanya."