Kafil, Macijin Surukinmu na Doha

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kafanchan, ni da taubashina, ɗan ƙanin Mama, a wata tsohuwar mota da ƙofarta ba ta rufuwa sai an dake ta da gwiwa. Ku da kuka dame ni da tambayar yadda Doha take, ga labarin. Amma ku sani ba ƙwallo kaɗai ta kai ni ba. Tikitin kallon wasa ne dai ya buɗe mana ƙofar ƙasar a lokacin gasar cin kofin duniya, ainihin aikin kuwa Baba ne ya ɗora mini.

Ƙanwata nas ce a can. Korona ta tsare ta, ta daɗe ba ta leƙo gida ba, kuma cikin wannan zaman ta haɗu da wani ɗan Filato mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, suka daidaita. Ta ce ba za ta yi aure ba sai da albarkar Baba, shi kuma Baba yana da sharaɗi guda. Ƙanwarsa, gwaggonmu, ta sha baƙar wuya a hannun miji mashayi har ta koma ga Mahaliccinta, kuma abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ana gobe za mu tafi ya kira ni gindin mangwaro.

"Ba ruwana da kuɗinsa ko tsawonsa," in ji shi. "Yana sha ko ba ya sha, abin da za ka kawo mini ke nan. In yana sha, ta manta da shi."

Na ce to. Taubashina ya juya baya yana tarin ƙarya, don ya san wanda aka aika binciken ma ba baƙo ba ne a wurin mai sayar da giya mai sanyi ta bayan tasha.

Muka bi ta Kwoi, inda aka shanya citta gefen titi ƙamshinta na shigowa har cikin mota, muka faɗa Keffi muka ci doya da ƙwai a tsaye. Ramukan hanya suna nan yadda kuka san su, sai ma 'ya'ya da suka haifa. Jakata rabi kayana ne, rabi saƙon Mama: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, acca da yaji. A filin jirgin Abuja wata ma'aikaciya ta buɗe jakar, warin daddawa ya buge ta, ta maida zif da sauri ta ce in wuce Allah ya kiyaye.

Filin jirgin Hamad na Doha kuwa gari ne sukutum. Ƙasa na sheƙi har ka ji kunyar takalminka. Muna cikin rarraba ido wani mai shara ya ji muna Hausa, ya ce, "Sannunku da zuwa, 'yan gida," da irin harshen zangon Kumasi, ya nuna mana hanyar fita. A waje ƙanwata ta rungume ni tana kuka tana dariya. Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Ta rame kaɗan, ta yi haske, kuma ta koyi cewa "yalla, yalla" in tana so a yi sauri. Saurayin na gefe, dogo, mai sanyin magana, ya karɓe jakunkuna yana kirana Yaya tun kafin a gabatar da mu.

A Al-Sadd take zaune, unguwar benaye da shaguna da ƙananan asibitoci, inda a layi ɗaya za ka ji harsuna sun fi na kasuwar Sabon Gari. Jirgin ƙasan cikin gari ba shi da direba, abin da ya sa taubashina ya ƙi zama a gaba. Mun ci shinkafa da naman rago a faranti mai faɗin fai-fai, mun sha karak, shayi mai kauri da madara da kayan ƙamshi, wanda shi kaɗai ne abu mai araha da na gani a garin. Tumatir ma sai ka yi tunani kafin ka taɓa. Tunda 'yan wasanmu sun zauna a gida, muka ari tutar duk wata ƙasar Afirka da ke fili muka yi ta ihu har murya ta dushe.

Giya kuwa sai labari. Ba a sayar da ita a shago, a filin wasa ma an hana, sai manyan otal da wuraren da aka keɓe wa 'yan kallo, ko kuma mazaunin da ke da takardar izini ya saya ya kai gida ya rufe ƙofa. Nan na ɗana tarkona na farko. Na ja saurayin zuwa ɗaya daga cikin wuraren, na ce yau ni zan saya. Da na ji kuɗin kofi ɗaya sai da ƙishina ya ragu, don a gida zai isa a shayar da benci guda. Duk da haka na daure. Shi kuwa ya ce a ba shi lemo. Ban yarda ba. Wane saurayi ne zai sha a gaban yayan budurwarsa?

A can ranar Juma'a ake zuwa coci, don ita ce ranar hutu, kuma coci-cocin duk suna wuri guda a Mesaimeer. Da aka tashi saurayin ya ce mu biya gidansa, ba nisa, ya yi mana tuwon acca da kukar Mama. Muka tarar da maƙwabcinsa, wani likita Bakano mai barkwanci, ya riga mu zama da fulas ɗin shayinsa. Ɗakin tsaf, babu ko murfin kwalba. Sai dai a kusurwa akwai wani akwati bisa tebur, an lulluɓe shi da zane, wayar lantarki na shiga ta bayansa. Na sa masa ido.

Da ciki ya ɗauka na jefa tarko na biyu. Na ce kowa ya faɗi abin shan da ya fi kewa.

"Bammi," in ji taubashina, ko numfashi bai ja ba. "Na safe, wanda aka sauko da shi yanzu, kumfa na tashi, ƙudan zuma na binsa. Wannan na kwalba da kake sha ai ruwan wanki ne."

Na ce bammin da ke kwantar da mutum a kwata kafin azahar? A ba ni mai sanyi, kwalba na zufa, ga gasasshen kifi da yaji. Ƙanwata ta ce ita rabin kofin jan ruwan inabi take sha ranar Kirsimeti, shi ma barci yake sa ta kafin a yanka kaza.

"Ku dai ci gaba," in ji likita yana zuba shayi. "Ni fura da nono ta ishe ni. Hantar taku kuma in ta gaji, kun san inda ofishina yake, ba na hutun Kirsimeti."

Sai aka zo kan saurayin. Ya jingina da kujera ya lumshe ido.

"Yaya, duk ba ku san daɗi ba. Burkutun kakata. Jar dawa, ta jiƙa ta, ta bar ta ta tsira, ta dafa ta sake dafawa. Ranar kasuwa a zuba maka a ƙwarya yana motsi da kansa, ɗumi-ɗumi, tsami-tsami. In ka sha ƙwarya ɗaya ba ka neman tuwo."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Abin bai yi mini daɗi ba, don mutumin ya riga ya shiga raina, kuma wanda bai san abu ba ba ya yabonsa haka. Na dubi ƙanwata tana dariya ba ta san me ke raina ba, na tuna gwaggo. Na ce a zuciyata, lallai wancan akwatin mai waya ɗan firiji ne, nan ake ɓoye kayan. Da ƙanwata da saurayin suka shiga kicin da kwanuka, likita kuma na duba wayarsa, na sulale na ɗaga zanen, na tura murfin gefe, na zura hannu.

Abin da na taɓa ba kwalba ba ce. Ya motsa.

Ban san lokacin da na hau kujera ba. Taubashina, jarumin bammi, sai a baranda aka same shi da takalmi ɗaya. A gidanmu ko sunan maciji Mama ba ta bari a kira in rana ta faɗi, sai dai a ce igiyar ƙasa, ga shi ni na gaisa da shi hannu da hannu. Likita ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Ka kwantar da hankalinka," in ji shi. "Kujerar nan da kake kai, ni ma na taɓa hawanta."

Ƙanwata ta zo ta ɗauko abin kamar jariri. Ɗan ƙaramin maciji ne jinsin mesa, baƙi da ruwan zinariya, ba shi da dafi, kuma da ya tsorata sai ya dunƙule ya cusa kansa a tsakiya. Wayar ta fitilar da ke ɗumama masa akwati ce. Sunansa Kafil, wato ubangidan da zamanka a ƙasar ke hannunsa, don saurayin ya ce ba ya iya zuwa ko'ina sai ya fara tunanin wa zai duba shi.

Da na sauko, saurayin ya ba ni labari, kansa a ƙasa. Macijin na abokin ɗakinsa ne, wani ɗan Filifin. Lokacin korona aka rage ma'aikata, aka sallami mutumin, ba shi da halin tafiya da shi, ba kuma wanda zai karɓa. Ya roƙe shi yana kuka. Saurayin kuwa ɗan manomi ne, tun yana yaro sanda yake ɗauka in ya ga irin wannan, amma ya ce to. A lokacin yana da takardar sayen giya, yana kuma sha, musamman da aka kulle gari ba fita. Wata rana ya sha, ya ba macijin ɓera, ya manta murfin a buɗe. Da safe akwati wayam.

"Yini guda muna nema," in ji likita. "Shi yana leƙa ƙarƙashin gado, ni ina kan kujera ina ba da shawara. A cikin takalmin aikinsa muka same shi."

"Yaya, a benen nan akwai yara," in ji saurayin. "Da wani ya gan shi, kashe shi za a yi, ni kuma a kore ni. Me zan gaya wa mai shi? Tun ranar ban ƙara sa ko ɗigo a bakina ba. Takardar ma na bar ta ta mutu. Burkutun kaka kuwa, a baki kawai nake shansa."

Na tambaye shi ko yanzu ya daina tsoro. Ya ce ina, har gobe da dogon cokali yake miƙa masa abinci, ƙanwata ce mai ɗauka. Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Mai macijin ne, ashe duk Juma'a sai ya kira ta bidiyo. Aka juya masa waya ya yi ta yi wa Kafil maganar jarirai da harshensu, sannan ya ɗaga mana hannu yana share ido, ya ce yana nan yana neman hanyar dawowa. Likita ya ƙara da cewa irin wannan mesa daga yankinmu na Afirka ta Yamma ake kawo su, shi ma ci-rani ya zo. Jin haka na yi ta maza na shafa bayansa da yatsa ɗaya. Sumul yake, a bushe, kamar sabuwar jakar fata. Taubashina dai daga baranda ya yi sallama.

Sauran kwanakin mun sha yawo. Mun je tsohuwar kasuwa na sayo wa Mama turare da dabino, mun zauna bakin teku muna kallon benaye, mun yi rawa da mutanen da ba mu jin harshensu. Ranar komawa, a filin jirgi, ƙanwata ta riƙe hannun rigata.

"Yaya, me za ka gaya wa Baba?"

Na ce gaskiya, dukkanta. Ta sake ni, idonta ya cika.

Mun iso Kafanchan rana na faɗuwa, Baba na gindin mangwaro, Mama na tsince shinkafa kusa da shi. Ko ruwa bai bari na sha ba. Na ce, "Baba, ya taɓa sha, ya daina." Fuskarsa ta ɗaure. Sai na kwashe labarin duka na faɗa, ina cewa igiyar ƙasa saboda Mama, wadda duk da haka ta ajiye tire ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa.

In kun tambaye ni abin da tafiyar ta koya mini, ga shi: na je neman kwalba a ɗakin mutum don in san halinsa, alhali halin yana cikin abin da ya yarda ya ɗauka don wani, ba ya so, ba kuma mai ganinsa. Na faɗa wa Baba hakan, da irin kalmomin da na samu.

Baba ya ɗago ya dube ni.

"Yana tsoronsa, ka ce?"

Na ce sosai.

"Kuma bai yar da shi ba, bai kuma koma wa kwalba ba."

Na ce ko kusa.

Baba ya share ido da bakin hularsa, na san gwaggo yake tunawa. Ya ce, "Kira mini ita." Da ƙanwata ta ɗauka, ya ce, "Ki gaya masa ya turo iyayensa." Kukanta har Mama ta ji daga inda take. Mama ta karɓe wayar ta ce ta sa albarka ita ma, amma a faɗa wa ango tun yanzu, wancan maigidan nasa na cikin akwati ba ya cikin 'yan rakiya.