Mutumin da ke Cikin Riga

Labbo mutumin Sabon Birni ne, sana'arsa zanen riga. Shi ke zana adon babbar riga da alƙalamin kara, masu ɗinki su bi da allura. Ba shi da yawan magana, ba ya kuma rasa sahun gaba a masallaci.

Zamanin Turawa, wata shekara kurkunu ya kwantar da manoman ƙauyen Tsamaye ana tsakiyar noma, har da ƙanensa Illo, ciyawa ta cinye gero. Da rani sai Malam Maliki, malamin asibitin garin Isa, ya kawo wa Labbo farin ƙyalle. Yana son hoton manomi da tsutsar kurkunu a ƙafarsa, gefe kuma mace tana tace ruwa, a rataya a kasuwa don waɗanda ba su karatu su gani, su daina shan ruwan tafki haka nan.

Labbo ya zana yadda ya saba, guntun layi bisa guntun layi. Kuma da yake riga ya yi shekaru yana kallo, rigar ya zana, ya liƙa mata ƙafa biyu.

Matarsa Habi ta ɗago daga kaɗi ta duba. "Malam, wanga rumbu na ko mutum? Wa ka taɓa gani yana noma da rigar Sallah?"

"To mi za ni yi? Riga na sani."

"Dubi zarena. In na tsinke shi sau goma, wa zai saye? Ja layinka guda."

Sai Labbo ya koma zama wurin masu yin tubali, inda maza ke aiki ba riga. Ya share rairayi, yana jan layi da yatsa tun daga wuya har diddige, ba ɗagawa. Ya ɓata, ya shafe, ya sake. A hankali ya gane daga kafaɗa ake tafiyar da hannu, kuma ƙafar da ta ɗauki nauyi ita ake danna wa layi.

"Malam Labbo ya koma bugun ƙasa!" in ji masu tubali. "Duba muna, za mu yi aure bana?"

"A'uzubillahi," in ji shi. "Kai dai tsaya yadda kake."

Da ya sake zanen, ranar kasuwa aka rataya ƙyallen. Fuskar hoton ba ido ba baki, don Labbo ya ce nan iyakarsa, tsoron Allah yake ji. Yana gefe, sai wata tsohuwa daga Tsamaye ta tsaya.

"Wanga ai Illo na! Ga yadda yake ɗosa ƙafa. To ita wagga mi take yi da kallabi bisa tulu?"

Malam Maliki ya yi mata bayani, jama'a suka matso.

Daminar nan kurkunu ya sake kama wasu. Amma ta bayanta, da aka saba tace ruwa, Illo a tsaye ya yi noma, gero ya cika rumbu. Har Allah ya karɓi ran Labbo, bayan la'asar yakan share ƙofar gida ya ja layinsa guda, sannan ya shafe da tafin hannu.