Mai-Sharhi da Baƙuwar Ofis

A ofishin da ake rubuta wa shaguna manhajar kwamfuta, ba mai kiransa da sunan yanka. Mai-Sharhi ake ce masa, saboda yadda yake aiki. Duk layin umarnin da ya rubuta sai ya ɗora masa bayani a sama: abin da layin ke yi, dalilin sa shi, da inda zai iya ba da matsala. Malaminsa na farko ne ya ce masa ya riƙa rubutu kamar gobe wani zai gaji teburinsa, shi kuwa ya riƙe maganar hannu bibbiyu.

Kujerarsa na bakin taga, an tokare ƙafarta ɗaya da guntun kwali don ta daina rawa. Kusa da shi Sarƙaƙiya ke zama, abokinsa tun suna sababbin ɗauka, wanda aikinsa ke tafiya amma ba mai iya bin sawunsa, wani lokacin har shi kansa. In Mai-Sharhi ya dame shi da nasiha, sai ya ce ai wanda ya share hanyar gidansa tas, har ɓarawo sai ya gode masa.

A gida, mahaifiyarsa ba ta taɓa fahimtar aikin ba. Ita dai ɗanta injiniya ne, rediyonta na ƙin kama tasha za ta ce a kai masa. Matarsa kuma takan zolaye shi cewa ko gishiri ta aike shi saye, sai ya dawo da bayanin abin da ya sa ya zaɓi wannan shagon.

Ana nan sai kamfani ya kawo ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake gaya wa abin da ake so ta rubuto manhajar da kanta. 'Yan ofis suka sa mata suna Baƙuwa. Manaja ya ce taimako ta zo yi, ba korar kowa ba, sannan ya ba ta aikin kowa ta karanta. Da ta shiga na Sarƙaƙiya sai ta ɓace, ta taɓa nan can ya rushe. Na Mai-Sharhi kuwa kamar an kama hannunta ana nuna mata ɗakunan gida. Ta karanta bayanansa, ta ɗora daga inda ya tsaya, har da irin sharhinsa. Daɗi ya kama shi, ya kira abokan aiki su zo su ga ɗalibarsa. Kowa ya yi dariya ban da Sarƙaƙiya.

"Ɗan'uwa, kaza mai tone-tone fa," ya ce a hankali, bai ƙarasa karin maganar ba.

Daga nan aiki ya fara janyewa daga teburin bakin taga. Abin da a da ake jiransa ya zo ya yi, sai ya tarar an gama. Wata safiya ya ƙudura zai kwaikwayi abokinsa. Ya goge bayanai, ya sa wa abubuwa sunaye marasa kan gado, ya cukurkuɗa komai. Kafin azahar ya ji kamar ya fito kasuwa da riga a bai-bai. Ya koma ya gyara, layi bayan layi. Hali zanen dutse. Ko da ma ya iya, Baƙuwa ta riga ta haddace aikinsa na shekaru.

Da Manaja ya kira shi, da yabo ya fara. Ya ce a duk ofishin aikinsa ne kaɗai ke tsayawa ba sai mai shi na kusa ba, don haka ƙarshen wata Mai-Sharhi zai ajiye aiki. Alfarma ɗaya yake nema: kafin ya tafi, ya warware aikin Sarƙaƙiya, ya sa masa bayani yadda Baƙuwa za ta gane.

Sarƙaƙiya ya tare shi a matakala, babu wasan nan da ya saba.

"Ka san 'ya'yana, kai ka riƙa ɗaukarsu. Don Allah ka bar mini ƙullin nan, da shi nake ci."

Mai-Sharhi ya ce ya ji. Kwanakin da suka rage yakan buɗe aikin abokinsa, ya ga bakin zaren ƙarara, yatsunsa na ƙaiƙayi, ya rufe. A ƙarshe ya je ya gaya wa Manaja cewa abin ya fi ƙarfinsa, ƙaryar farko da ya taɓa yi a kan aiki. Manaja ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ba komai, sabuwar Baƙuwar da za a kawo an ce ba ta buƙatar sharhin kowa.

Ranar tafiyarsa Sarƙaƙiya ya rako shi har bakin titi, yana ta godiya, yana cewa ya rufa masa asiri. Mai-Sharhi ya buɗe baki zai gaya masa zancen sabuwar Baƙuwar, ya dubi fuskar abokinsa, ya fasa. Wannan karon bai yi bayani ba.

Ya isa gida rana na tsaka. Matarsa ta dubi kwalin kayan ofis da ya rungumo, ta karɓa ba tare da tambaya ba, zolayar ma yau babu. Mahaifiyarsa ce ta yi murnar ganinsa da wuri, ta miƙo masa rediyo.

"Injiniya, duba mini. Wannan dai Baƙuwar taku ba za ta iya ba."

Ya zauna a bakin gado, ya kwance bayan rediyon, ya zuba wa wayoyin ido. Shi ma bai taɓa iyawa ba.