Amin ɗin da aka yi wa saƙon Kawu

A guruf ɗinmu na masu sarin bandar kifi daga Lagdo zuwa Garoua, kusan kowa da murya yake tura saƙo. Ni ce ke riƙe da guruf ɗin. Kuma na san halin mutanenmu: da sun ji saƙo ya fara da salati, sai su danna waya su ce amin, su ci gaba da ciniki.

Ranar nan Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya turo saƙo. Farkonsa addu'a ce mai daɗi. Ƙarshensa kuwa cewa yake mutanen dutsen Mora da suka zo Lagdo 'yan leƙen asiri ne, a daina sayen kifinsu, a kore su daga bakin ruwa. Kafin azahar amin ta cika guruf.

Matar da nake sarin kifi a wurinta Kirista ce daga duwatsun nan, rikici ya raba ta da gonarta. Tana cikin guruf ɗin. Washegari na same ta gaban murhun banda, kifi jibge, babu mai saye.

"Hajiya, na ji muryar kowa," ta ce. "Har wadda na raka asibiti."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma Garoua na shiga kasuwa, rumfa rumfa. Duk wanda ya yi amin, sai na kunna masa saƙon, na tsaya a kansa har ya ji ƙarshe. Wasu suka riƙe baki. Na ce ba ni suka yi wa laifi ba, su ɗauki waya su janye da muryar da suka yi amin da ita.

Kawu na bari ƙarshe. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba.

"Ke, yanzu ba ni da 'yancin magana?" ya ce.

"Kana da shi, Kawu. Ita ma tana da 'yancin zama lafiya. Doka ta hana tunzura mutane a kan wata ƙabila, ko a waya ne. Ban so a kai ka gaban jandarma."

Ya ƙi janyewa. A gabansa na cire shi daga guruf.

Kifinta ya koma tafiya a kasuwa. Kawu har yau ba ya amsa gaisuwata. Kowace Juma'a ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, kuma ban mayar da shi cikin guruf ba.