Shafin da Auta Ta Haddace

A layinsu babu mai kiran ta da sunan yanka. Tela kawai ake cewa, ita kuma ta amsa da allura a baki. Shagonta ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, teburin yankanta ƙafa ɗaya a kan bulo, yadin yunifom jibge har rufi. Ɗinkin kayan 'yan makaranta ne sana'arta tun kafin ta yi aure. Duk ƙarshen hutu makarantun kuɗi kan kira ta ta auna ɗalibai, sababbi da waɗanda suka fi ƙarfin rigunansu. Shi ya sa ta san cikinsu fiye da iyayen da ake zaunarwa a ofis ana nuna musu hotuna.

Mace ce da ba ta shakkar kowa. Abu ɗaya ke ba ta tsoro: Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta gama firamare, amma har yau ba ta karanta layi guda sai ta yi gumi.

Ba daƙiƙiya ba ce. Faɗa mata abu sau ɗaya, ta mayar maka da shi har da tarin da ka yi a tsakiya. Amma da ta kalli takarda sai haruffa su cakuɗe mata. An sayi tabarau, an ɗauko mai lesin, kafin wata likita ta ce sunan abin disleksiya, ba a sha masa magani, malami mai haƙuri yake so. A firamare kuwa haƙurin ne ya yi ƙaranci. Ranar da aka tsayar da ita gaban aji yara na kwaikwayon yadda take inda-inda, ta dawo gida ta shige bayan ƙofa ta ce ita ta gama boko. Da ƙyar aka lallaɓa ta ta ƙarasa shekarar. Tela ta san in aka sake yi mata haka a sakandare, ko da igiya aka ja ta ba za ta koma ba. Maigidan, direban babbar mota da kan yi makonni a hanya, ya ce ta zaɓi makaranta kawai, shi nasa biya. Faɗa da baki ai ba wuya.

Sai ta mai da awo hanyar bincike. Tana zagaya tef a ƙirjin yaro tana tambayarsa ƙasa-ƙasa, in mutum ya kasa karatu a ajinsu me ake yi masa. A wata makarantar yaron ya yi dariya ya ce tsallen kwaɗo. A wata kuma yarinyar sai ta ja hannun riga ta rufe shatin bulala.

A ƙarshe ta sami wata 'yar ƙaramar makaranta a bayan kasuwa inda yara suka ce ba a duka. Sai dai akwai gwajin shiga: shugabar makarantar kan sa yaro ya yi karatu a gabanta. Wata ɗaliba mai surutu, ana cikin auna mata siket, ta fasa ƙwai, ta ce kullum shafi ɗaya ne, labarin farko na littafin 'yan aji ɗaya.

A ranar Tela ta sayo littafin. Ta san ba daidai take yi ba, amma tsoro ba ya jin shawara. Takan ajiye ɗinki ta karanta, Auta na gefe tana tsinke zare tana saurare. Har inda za ta bi da yatsa ta koya mata, da inda za ta ɗan dakata kamar mai tunani.

Ranar gwajin, shugabar, wata dattijuwa mai tabarau a goshi, ta miƙo littafin a buɗe. Tela ta ɗosana a bakin kujera, addu'arta ɗaya kada a juya shafi. Ba a juya ba. Auta ta zubo shi tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu.

Shugabar ta yi murmushi ta ce an daɗe ba ta ji karatu mai daɗi haka ba. An ɗauke ta. Kuma za ta sa ta cikin masu karanta sanarwa a taron safe, gaban makarantar gaba ɗaya.

Garin neman ƙiba an samo rama. Faɗuwa Tela ta yi wa shiri, wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ta dubi Auta. Yatsan yarinyar na nan a kan layin ƙarshe, idonta a kan ƙofa. In Tela ta yi shiru, 'yarta za ta tsaya gaban yara rututu da takardar da ba ta taɓa ji ba. In ta yi magana, tana iya rasa makarantar da ta rage mata.

"Ranki ya daɗe," in ji Tela, "ba karantawa ta yi ba. Hadda ce. Ni na biya mata."

Ta faɗi abin da likita ta ce. Shugabar ta saurara, sannan ta buɗe tsakiyar littafin ta tura gaban Auta. Kalma ta farko ta fito da ƙyar, ta biyun ta maƙale. Dattijuwar ta rufe littafin a hankali. Ta ce ba za ta ɓoye musu ba, makarantar ba ta da malamin da ya koyi irin wannan aikin. Za ta zauna da malamanta, su dawo mako mai zuwa su ji. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Sai da suka kai bakin titi Auta ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Inna, da kin yi shiru da sun ɗauke ni, ko?"

"Da sun ɗauke ki."

"To in sun ce a'a, kada ki sake nemo wata. Ki koya mini ɗinki."

Da ɗinki Tela ta ci ta sha ta raini 'ya'yanta, amma ba ta taɓa jin kalmar ta tsorata ta kamar yau ba. Ta damƙe hannun yarinyar, suka tsallaka titi.