Ɗauko Malama daga Maigatari

Mun bar Gagarawa ana idar da sallar asuba, mu huɗu da jakunanmu: kawuna na'ibin liman, da ɗan aiken mai unguwa, da mijina, sai ni. Neman malama ya fitar da mu. Tun da tsohuwar da ke karantar da matan unguwarmu ta rasu a shekarar yunwa, mace ba ta da hanyar tambayar hukuncin tsarki ko na jego sai ta bakin mijinta. Shi kuwa in ya je gaban liman kunya ta kama shi, ya rage rabin tambayar, ya dawo da amsar abin da ba a tambaya ba. Da matan suka gaji, suka tara gero da daddawa na guzuri, suka matsa wa maza a je a ɗauko wata malama da ake labarinta a wani ƙauye kusa da Maigatari. Ni an tafi da ni ne don girkin hanya.

Hanyar Gumel yashi ce, jaki na tafiya yana nutsewa. An gama yankan gero, dammuna jingine ko'ina a gonaki. A Gumel muka kwana gidan wani fatoma. Kawu ya taho da jakar wuri, amma mai furar bakin kasuwa ta ce ita yanzu anini take karɓa, wurin ya kai wa jikokinsa su yi wasa. Mijina ne ya biya.

Mun isa Maigatari ranar kasuwa. Ban taɓa ganin raƙuma da yawa haka ba, ga kanwa da gishiri da dabino an sauke daga arewa. Mutanen Damagaram suna ta shiga da fita, iyakar da Turawa suka shata ba ta hana kowa cin kasuwarsa ba. Na daɗe ina kallon wata Buzuwa mai sayar da cuku, tana ciniki da maza ido cikin ido. Na saya, ya yi mini tauri, amma na ci.

A ƙauyen malamar maza suka bi hanyar da suka sani. Suka gaida mai gari da goro, ya amince. Suka ga ƙanen marigayin mijinta, ya amince. Babban ɗanta ma ya ce ai su ɗauka an gama. Har an ɗaura wa jaki shimfiɗa kafin ɗan ya shiga ya ce mata ta haɗa kayanta.

Ina cikin gidan a lokacin. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana kaɗin auduga tana sauraron karatun wasu mata, in an yi kuskure ta gyara ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta ji ɗanta har ƙarshe, ta ce masa ita ba ta ga wanda ya zo wurinta ba, don haka ba inda za ta. Ya fita yana sosa ƙeya. Na san in muka koma haka, maza ba za su sake yarda da irin wannan tafiya ba.

Sai ta dube ni. "Ke 'yar nan, me ya kawo ki?"

Na ce girki.

"Girki kawai? Gero na wa kike dafawa?"

Na gaya mata na matan unguwarmu ne, su suka tara, su suke nemanta. Ta ajiye mazarinta, ta ce to in faɗi saƙonsu. Na faɗa, na kuma ƙara da tawa tambayar, wadda na riƙe tun haihuwata ta bara: ko dole mai jego ta cika arba'in kafin ta yi salla, kamar yadda mijina ya kawo mini. Ta ce a'a, ranar da jini ya ɗauke a yi wanka a yi salla, waɗanda na bari bayan nan kuma in rama. Ba ta yi mini faɗa ba.

Ta sa aka kira kawu bakin zana. Suka gaisa da girmamawa, ta ce, "Allah gafarta Malam, zan je, amma matan ne suka gayyace ni, wurinsu zan sauka." Ta kuma ce kowace mace a bar ta ta zo da ƙafarta bayan la'asar. Kawu ya ce shi zai bi gida gida ya faɗa wa mazan. Ya kuwa cika alkawari, Allah ya saka masa.

Dawowa mun yi ta a hankali, saboda ba ta son jaki ya yi sauri. Da muka shiga Gagarawa matan suka tarbe ta tun daga bakin rijiya.

Abin da na koya a tafiyar nan bai da yawa: amincewar duk mazan gari ba ta tsaya a madadin ta mace ɗaya da abin ya shafa. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da matan da suka ba da geronsu. Malama ta ce da saukar ruwan fari za ta koma gida, daga nan kuma ba za ta sake hawa jaki ta dawo ba. Shi ya sa ta ware mu uku tana ƙara mana karatu da hantsi, don in ta tafi matan su san ƙofar da za su yi sallama. Ɗaya ƙofata ce.